Kalmar da Muka Daka a Turmi

Ina da in'ina tun ina ƙarama, kuma a gidanmu na unguwar Mairi kowa gwani ne wajen ƙarasa mini magana. Da na ce "ru-ru" sai a miƙo ruwa, alhali rumfa nake nufi. Abin yana ƙona mini rai.

A ajin ƙarshe na sakandare, malamar Turanci ta ba ni jawabin bankwana da shugabar makaranta. Tsakiyar takardar ta dasa wata kalma mai tsawon layin keke a Kasuwar Litinin: indefatigably, wai aiki ba gajiya. Ta yanka mini ita gaɓa-gaɓa, in-di-fa-ti-ga-bli, ta ce a kan "fa" ake dannawa. Ta kuma ce in ta gagare ni ranar gwaji, wata za ta karanta.

Na dawo gida ina ta "in-in-in" kamar janareto ya ƙi tashi. Kakata tana tsakar gida tana dakan itacen turaren wuta, sana'arta ke nan. Ba ta jin Turanci, Hausar ma da Barbarci take haɗa ta. Ta saurara, ta ce ai wannan ba a haɗiye ta ɗanya. Ta miƙo mini taɓarya: kowace gaɓa bugu ɗaya, "fa" kuwa in sauke da ƙarfi. Muka yi ta yi har maƙwabta suka aiko tambaya ko biki za a yi. Na ci gwaji.

Ranar taro babu turmi. Na iso kan kalmar, harshena ya ƙafe. Na hango Kaka cikin iyaye, ta sha lafaya, ta dunƙule hannu tana daka a cinyarta. Sai na dunƙule nawa na sauke kan teburi. Lasifika ta kwashe bugun ta watsa wa jama'a, a kan "fa" har kofin shugaba ya yi tsalle. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma kalmar ta fita gaɓa ɗaya bayan ɗaya har wutsiyarta.

A keke muna komawa Kaka ta ce, "Wushe, sannu da ƙoƙari 'yar nan. Kin ga yau ba wanda ya tsoma miki baki."

Gaskiyarta. Ban da malamar Turanci, duk zauren babu wanda ya san ƙarshen kalmar, dole suka jira ni na ƙarasa da kaina.