Taƙin Inna Laraba

Tun da na yi wayo, da wuya a fito da jariri ranar suna a layinmu na Hausari ba hular Inna Laraba a kansa. Ita ce mahaifiyata. Iyayenta fatake ne daga Kano, amma a Potiskum aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan kuma aka binne ta bara. Tana amarya ta koyi saƙa wurin wata malamar asibiti, daga nan hannunta bai sake hutawa ba. Kibiyoyin saƙa biyu da ƙullin zaren ulu a tsohon kwanon sha, ko barka za ta je suna ƙarƙashin mayafinta.

Ba ta taɓa riƙe tef ɗin tela ba. Taƙi take yi: ta ware babban yatsa da manuni, ta bi bayan mutum da kafaɗarsa da hannunsa, sau ɗaya tak, ta ce, "Jeka." Ba ta sake gwaji, kuma riga ba ta dawo mata gyara. Abin da aka fi saninta da shi wata saƙa ce da take kira tufka. Takan ɗebe wasu idanun saƙar ta rataye su a ɗan tsinke, ta bi ta bayansu, ta dawo da su, sai ka ga igiya ta taso a gaban riga tana murɗewa kamar ta ɗaurin shanu. Takan ce tufka ta fi kowace saƙa ɗumi, sai dai tana tsuke riga, in awo bai yi daidai ba an yi aikin banza.

Mutum ɗaya ne a danginmu bai taɓa sa saƙarta ba: Halliru, ɗanta na fari. Inna irin matan zamanin da ce, masu kunyar ɗan fari. Ranar da aka yaye shi aka kai shi wurin Gwaggo Hajaratu, yayar babanmu, can ya girma. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "ɗan Gwaggo". In ya zo gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ina kwana," don yadda ya ji ƙannenta na kiranta ke nan, ita kuma ta amsa tana kallon zarenta. Ni auta ce, har na yi aure ina kwanciya a cinyarta. Wannan kunya ban taɓa ganin amfaninta ba, kuma na sha faɗa mata. Sai ta ce, "Sharifa, bakinki ya fi ki girma."

Halliru rakiyar shanu yake yi. In an loda tirela a kasuwar shanu za a yi Kudu, shi ne a sama kan ƙarafa, yana duba kada wata ta faɗi sauran su tattake ta. Iskar hanyar Jos ta ci ƙirjinsa shekara da shekaru, har tari ya zauna masa. Inna ba ta taɓa ce masa sannu da tarin ba. Amma in ya yi shi a zaure, kibiyoyinta kan tsaya cak sai ya lafa.

A shekarar da idonta ya fara hazo muka kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana hanya. A Keke Napep muna dawowa, da muka zo daidai kasuwa ta ce a tsaya. Ta sayi zare ruwan ƙasa mai kauri, fiye da wanda na taɓa gani ta saya.

"Na wa ne, Inna?"

"Wani ne yake tari," ta ce.

Doguwar riga take so, mai kaiwa gwiwa, mai maɓallai har wuya, da tufka gaba da baya. Tana so ta gama tun tana iya ganinta a jikinsa. Saura awo, awo kuwa sai an taɓa mutum.

Da farko ta aike ni wurin matarsa Ramlat na aro kaftaninsa, ta shimfiɗa a tabarma ta auna. Kaftani kuwa ai ba ya faɗin gaskiyar mai shi. Riga ta fito kamar buhu, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ta warware ta tas, ta naɗe zaren. Sai ta ce ni in je in auna shi da taƙina in kawo mata lissafi. Na je, na auna, na kawo. Duk cikinmu ba wanda ya tuna cewa yatsun babanmu na ɗauko, dogaye zaƙo-zaƙo, nata kuwa gajeru ne. Damina guda ta yi tana saƙa, tana kai aikin dab da hancinta. Da Halliru ya sa, maɓalli ya ƙi haɗuwa da ƙofarsa.

Ya tsaya a bakin ƙofa da ƙirji a buɗe ya ce, "Yaya, ta yi daidai. Allah ya saka da alheri."

"Ɗan Gwaggo ya iya ƙarya," ta ce da ni bayan ya fita. "Na ji zaren yana kuka a kafaɗarsa."

A lokacin ido ɗaya ya riga ya rufe, ɗayan kuma inuwa kawai yake gani. Sanyi ya kusa. Na ji haushi har na yi kuka. Na ce mata yaran unguwa kaf ta shafa bayansu, har 'ya'yan waɗanda ba sa gaishe ta, amma wanda ta haifa ta bar shi yana tari a kan mota. Na faɗi maganganu masu zafi. Ita kuwa tana ta warware rigar, zaren yana taruwa a cinyarta duk ya nannaɗe.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Halliru ya zo gaisuwa kamar kullum. Ya durƙusa a inda ya saba. Inna ta ajiye kwanon zare ta ce, "Shigo. Juya bayanka."

Ya dube ni. Mutum mai furfura a gemu, sai da na yi masa alama da kai sannan ya cire takalmi ya shigo. Ya zauna a gabanta, ya ba ta baya. Ta miƙa hannu tana lalube har ta same shi.

Ta fara daga wuya. Babban yatsa, manuni, babban yatsa, manuni. Da ta zo ƙasan kafaɗar hagu sai hannun ya tsaya, a kan tabon da ƙahon wani bijimi ya bar masa tun yana saurayi. Ta san labarin, har asibiti aka kwantar da shi, ita ce ma ta riƙa dama kunun da ake kai masa da sunan Gwaggo. Amma ba ta taɓa sanin girman wurin ba. Ta bi shi da yatsa ta cikin riga daga farko har ƙarshe. Halliru ya sunkuyar da kai. Ta gangara har ƙugu, ta dawo wuya ta sake farawa. Matar da ba ta taɓa auna mutum sau biyu ba. Ni na fita tsakar gida, don abin ya fi ƙarfin idona.

Da ya tafi na dawo na ɗauko mata kibiyoyin. Na ce, "To Inna, taƙi nawa ne bayan?"

Ta buɗe hannunta a kan cinya.

"Ban ƙirga ba," ta ce. "Ki ce masa ya dawo gobe."

Ya dawo. Sai ta ce hannun riga ne ba ta tabbatar ba. Jibi kuma wuya ne. Kafin a gama awon nan idon ya ƙarasa rufewa, da lalube ta saƙa rigar, tufkar ko ɗaya ba ta karkace ba. Ta zauna masa ɗas, maɓalli har wuya. Ba ta gan ta a jikinsa ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunansa ba. Amma duk ranar da ya dawo daga Kudu, sai ta ce ya shigo ya juya baya, ta duba ko rigar ta saki.