Ranar da Aradu ta Faɗa a Gindin Rimi

Da sunan Allah nake farawa, Mai kora girgije zuwa inda Ya so.

A shekarun da suka gabaci samun mulkin kai ina zaune a Fagge, ina karantar da fiƙihu a zauren mahaifina. Wata Laraba cikin marka na tafi Kasuwar Sabon Gari sayen takarda da ƙaron tawada. Bayan La'asar hadari ya taso daga gabas, na fake a wata rumfar kwano a bakin kasuwa. Nan na tarar da wani malamin makarantar boko, Kirista, mutumin ƙasar Zazzau, wanda muka saba gaisawa a hanya.

Duk sa'ad da aka yi walƙiya, sai in ga yana lanƙwasa yatsu har tsawa ta biyo baya. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Nisanta nake aunawa, Malam. Haske ya fi ƙara sauri. In sun yi tazara, tana nesa."

Ya bayyana mini cewa iska mai zafi ce ke hawa sama da danshi, ya daskare a can, ƙanƙara ta yi ta gogayya cikin girgije har wuta irin ta lantarki ta taru. Idan ta yi yawa sai ta ɓalle zuwa ƙasa, ta bi abin da ya fi tsawo. Tsawa kuwa ƙarar iskar da wutar ta keta ce.

Na ce mu abin da muka karɓa daga malamanmu shi ne mala'ika ne ke kora girgije.

Ya yi dariya. "Ban musanta makiyayi ba, Malam. Sandarsa nake kwatanta maka."

Bai rufe baki ba haske da ƙara suka zo tare, babu abin ƙidayawa a tsakani. Aradu ta faɗa kan rimin da ke gabanmu. A gindinsa maƙwabcina ne ya fake, wani Babarbare mai sayar da kanwa. Muka iske shi kife a bakin kwata, yana numfashi, ruwa kuwa yana ƙaruwa kusa da hancinsa.

Jama'a suka kewaye shi daga nesa. Al'adar wancan zamani ita ce ba a taɓa wanda aradu ta buga sai an yayyafa masa madarar shanu, don an ce wutar za ta koma jikin mai taɓawa.

Wata tsohuwa mai dafa-duka ta ɗaga murya: "Kul! Kada wanda ya sa hannu! A nemo madara!" Matan Fulani kuwa duk hadari ya kore su. Wani daga baya ya ce, "Wa ma ya san rantsuwar da ya yi?"

Malamin ya dube ni. "Malam, wannan yana cikin littattafanku?"

Na ce babu.

"To, kama ƙafafu."

Na san babu, na kuma sha faɗa wa ɗalibai haka a zaure. Duk da haka hannuna ya ƙi miƙuwa, sai da na ga ruwa ya taɓa leɓen mutumin. Na yi bisimilla na kama. Ƙafafun da ɗumi, kamar na kowa. Muka kai shi rumfa, muka kwantar da shi a kan gefensa, ya yi tari, ya amayar da ruwa.

Madara ta iso dab da Magariba, bayan ya farfaɗo, aka kuma yayyafa masa ita. Unguwa ta ce ita ta tashe shi. Kwana uku wasu suna gaishe ni ba tare da musafaha ba.

Ya rayu, har ya aurar da 'ya'yansa, sai dai kunnensa na hagu bai sake ji ba. Shi ya sa a masallaci kullum nake tsayawa a damansa.