Inuwar Benen Geng

Shekara goma sha tara Qiao Fenglan ba ta taɓa kwal da hannunta ba. Hayaƙinsa ne ya kashe mijinta yana barci, cikin ɗakin da aka toshe saboda ɗari. Bayan an binne shi ta sayar da aladunsa, ta jera bututun gilashi sittin a kan rufi, rana tana dafa mata ruwa, ta buɗe ɗan gidan wanka. Mace ce mai baki, ko godiya za ta yi sai ka ɗauka faɗa ne. Amma tsofaffin ƙauyen nan duk ita ke cuɗa musu baya.

Sai maƙwabcinta Geng Deshui ya tashi yi wa ɗansa aure. Dangin amarya suka ce sai gida ya fi na kowa tsayi, shi kuwa sakaran ya ɗora hawa na uku, daidai kudu da ita. Kowa ya san ba a ɗaga rufi sama da na maƙwabci, amma da ta kai ƙara, shugaban ƙauye ya ce a yi haƙuri, ai abin alheri ne. Alherin wa? Tun hantsi inuwa ke kwanciya a kan bututunta.

Ana jibi sabuwar shekara, lokacin da kowa ke wanke dattin bara, sai ga Deshui ya goyo uwarsa, tsohuwar da ƙafafunta suka mutu.

"Yaya Fenglan, taimaka ki yi wa Inna wanka, amarya na zuwa gaishe ta."

Fenglan ta damƙi hannunsa ta tsoma a tanki. Ya fizge da sauri.

"Ka ji ɗumi? Mara kunya! Je ka ce benenka ya dafa mata!"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Bar shi, 'yata. Na hana shi ginin nan, bai ji ba. Mai da ni gida, Deshui."

Fenglan ta dube ta, ta ga gashin nan duk ya cukurkuɗe. Ta aika Deshui ya kwaso kwal, ta buɗe tagogi duka, ta hura wutar da kanta tana zaginsa, hawaye na zuba. Ta wanke tsohuwa tas, ta taje mata kai.

Da za su fita ta cire allon sunan gidan wankan daga ƙofa ta miƙa masa.

"Ungo, ƙara a kayan aure. Na rufe gidan wankan, baɗi kai za ka wanke ta."