Sunan Mas'uda a Bakin Kofur

Kofur Bappayo ya dawo Azare a shekarar dubu biyu da bakwai da akwatin ƙarfe, da takalman soja, da fuskar da ba ta motsi. Kafin soja kuwa, ku tambayi duk wanda ya san shi a rugarsu ta gefen Katagum, ba a yi shashashan yaro kamarsa ba. A ba shi kiwon maruƙa, sai ya zauna kallon balbela har su faɗa gonar mutane. Mahaifiyarsa Adda ta sha cewa gangar jikin ce kawai a gabanta, hankalin yana can Hardawa yana yawo. Da shanun gidan suka ƙare, ga aure, ga 'yar fari an haifa masa, sai ya tafi aka ɗauke shi soja don a samu na tuwo.

A Darfur ya haɗu da Sajan Zarami, wani Babarbare mai ƙaramar murya. Ran nan Sajan ya tarar da shi yana alwala, yana watsal-watsal da ruwa, idonsa na kan hanya.

"Kai Bafillace, ina hankalinka?"

"Yana nan, Oga."

"Ƙarya kake. Sake. In ruwa ya taɓa hannunka, ka ji sanyinsa. In ka kai fuska, ka tsaya a fuskar. Hankali ya gudu, ka kamo shi ka dawo da shi, ba sai ka zage shi ba. Haka za ka yi a bakin gadi, haka za ka yi in an buɗe wuta."

Abin ya karɓe shi, ba kaɗan ba. Shashashan nan na da ya zama wanda ake so a haɗa gadi da shi, don ko tsuntsu ya tashi a inda bai kamata ba sai ya lura. Ranar da aka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna, Sajan Zarami ya cika a gefensa, Bappayo bai yi ko gezau ba. Ya kafa hankalinsa a kan numfashinsa, shiga, fita, ya ɗaure wa masu rauni, ya ja motar ya fitar da su. Aka ƙara masa igiya. Sai dai tun daga ranar ya gano cewa in ya lafe a kan numfashin nan babu abin da ke isowa gare shi, ya kuwa lafe bai sake fitowa ba.

Da ya bar aiki ya sayi injin niƙa, ya kafa rumfa a ƙofar gidan da ya kama a Azare, ya ɗauko Adda daga ruga. Niƙansa babu tsaki, ba ya haɗa garin wata da na wata, ba ya faɗa da kowa. Mu kuwa mutane, Allah ya shirye mu, da mun ga mutum ya yi shiru sai mu hau yabo. Aka ce dattako ne, aka ce kunya ce irin ta Fulanin asali. Ai uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya wasa da ita, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Saboda haka da aka ga ba ya kallon Mas'uda, babu wanda ya lura cewa sauran mutanen gidan ma ba kallonsu yake ba.

Matarsa Bara'atu ce ta lura. Wata rana da gangan ta yi miyar kuka ba gishiri, ta zauna tana kallonsa ya cinye tas.

"Kofur, gishirin ya ji?"

"Ya ji," in ji shi.

Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, shi kuma ya wanke hannu ya koma rumfa.

Da kaka, wata safiya inji na ta ruri, Mas'uda ta kawo masa koko. Lokacin ba ta wuce shekara goma ba. Ta sunkuya za ta ajiye kwano, bel ɗin injin ya cafki gefen hijabinta ya fizge ta, hannunta na dama ya daki ƙarfe. Kafin matan da ke layi su gama salati, Kofur ya kashe inji, ya yanke hijabin da wuƙa, ya ɗaure hannun, ya ɗora ta a mashin sai asibiti. Aka yi ɗinki, yatsu suka tsira. Ya dawo da ita, ya miƙa ta cikin gida, ya tayar da inji ya ƙarasa niƙan dawar da ya bari.

Unguwa ta ɗauka da yabo, wai jarumi ke nan. Bara'atu kuwa ƙarar injin nan ce ta gama da ita.

"Na yi haƙuri da tafiyarka, na yi haƙuri da dawowarka," ta ce masa. "Amma yau na ga fuskarka da jinin 'yarka a rigarka, kamar wanda aka zuba wa ruwan tsari. Jibi zan tafi gidanmu Disina da yaran. Ba yaji ba ne, kada a wahalar da kowa da biko."

Ya laluba cikinsa ko zai samu abin faɗa. Numfashi kawai ya samu, yana shiga yana fita.

"To," ya ce.

Ranar tafiya, an kira azahar, mai mashin ɗin da zai kai su tasha yana ƙofar gida. Kofur ya tsuguna a tsakar gida zai yi alwala. Tun dawowarsa Mas'uda ce ke zuba masa ruwa, ba wanda ya sa ta, shi ma bai taɓa tambayar dalili ba. Ta zo da hannun dama a naɗe, ta ɗauki buta da hagu.

Ya miƙa hannu ya yi yadda ya saba, ya ji sanyin ruwan. Sai ya ji ruwan yana zuwa yana yankewa. Ya bi shi da ido zuwa bakin buta, zuwa ɗan hannun da ke rawa, da sauran lallen salla a farce, har zuwa fuskar. Ta cije leɓe don kada butar ta suɓuce, gumi ya tsatstsafo a kan hancinta, hancin Adda sak. Hankalinsa ya zabura zai koma maɓoyarsa. Ya kamo shi ya dawo da shi kan fuskar nan, bai zage shi ba. Wani abu ya soke shi a ƙasan haƙarƙari, zafin da rabonsa da ji tun ranar da Sajan ya cika.

"Mas'uda," ya ce. "Da zafi?"

Adda, da ke tankaɗe a gindin darbejiya, ta saki rariya. "La'ilaha illallahu! Bappayo, sunan 'yar fari a bakinka? Soja ya cinye maka kunya!"

Yarinyar kuwa waiwayawa ta yi wajen zaure, tana neman wanda ya kira ta. Ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba.

Bara'atu na tsaye a ƙofar ɗaki da ƙullin kaya a ka, goyo a baya. Mai mashin ya danna hon. Ta leƙa zaure ta ce, "Malam, yi haƙuri ka yi tafiyarka, ba yau ba." Ba ta kwance ƙullin ba, a bayan ƙofa ta ajiye shi.

Kofur ya karɓi butar daga hannun Mas'uda. Sai da ya sake alwalar daga farko, don ya manta inda ya tsaya.