Baƙin Yashin Baffa Haladu

Litinin: Ba'awa zuwa Abuja

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na leƙa ɗakin Baffa Haladu, ƙanin mahaifina, wanda ya jima a kwance. Ya miƙo mini wata tsohuwar kwalbar magani, ya ce, "Ka ciko mini. Kada in mutu da sunan maƙaryaci."

Yana saurayi ya yi aikin gonar koko a tsibirin Panya, wanda yanzu ake kira Biyoko. Da ya dawo ya ce ya ga bakin teku mai yashi baƙi wuluk, majalisa ta kwashe da dariya. Har yau a garinmu in mutum ya shara ƙarya, sai a ce, "Baƙin yashi!" Ni ma na sha faɗin haka ina yaro, abin yana ba ni kunya. Shi ya sa da Alhaji Tanimu, abokin cinikina mai sayar da huluna a Malabo, babban birnin tsibirin, ya sake gayyata ta, ban yi musu ba.

Acaɓa ya sauke ni Kwanar Dangora shida da kwata. Direban motar Abuja ya rantse saura mutum ɗaya, muka jira mutum ɗayan nan har bakwai da rabi. Na ƙirga shingaye tara, muka ci shinkafa da wake a Kaduna, muka shiga Zuba da la'asar. Na kwana gidan ƙanwata.

Talata: Malabo

Jirgi ya yada zango sau ɗaya kafin ya sauke mu ƙarfe huɗu. Zufa ta tarbe ni tun daga matakala. Alhaji ya kai ni masauki, aka kawo kifi da soyayyar ayaba. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, ya ajiye cokali.

"Malam Nasiru, duk nisan nan don yashi?"

"Don dattijo dai, Alhaji."

"To shi ke nan. Mafi baƙinsa yana Ureka, can kudu. Sai mun nemi takardar izini."

Alhamis: Ureka

Takardar ta cinye mana Laraba. Mun tashi bakwai da direba mai suna Manuwel. Awa ɗaya zuwa garin Luba, daga nan sai hawan dutse cikin daji da hazo, sojoji suka duba mu sau biyu. A gangara ta ƙarshe na yi ta salati, Manuwel yana mini dariya.

Sha ɗaya saura muka fito bakin ruwa. Jama'a, Baffa bai yi ƙarya ba. Yashi ne baƙi ƙirin kamar an daka gawayi, iyakar ganinka, farin kumfa yana hawa kansa yana komawa. Na damƙa na murza, ko kaɗan bai ɓata mini hannu ba. Manuwel ya ce aman dutse ne ruwa ya niƙe. Ni dai tsugunnawa na yi na yi kuka, ina tuna shekarun da Baffa ya yi yana sunkuyar da kai a gaban yara. Na cika kwalba kafin ruwan sama ya koro mu.

Asabar: filin jirgi

Wani jami'i ya zaro kwalbar ya ɗaga, fuskarsa ta sauya, ashe ya ɗauka albarushi ne. Na yafito Alhaji, wanda ya rako ni. Alhaji ya yi masa bayani da yarensu, mutumin ya zuba kaɗan a tafinsa, ya shinshina, ya girgiza kai ya miƙo mini.

Lahadi: gida

Na iso Ba'awa bayan la'asar. Baffa ya juye yashin a faranti, ya daɗe yana kallo. Na ce bari in kai majalisa.

"Wa za ka nuna wa?" in ji shi. "Waɗanda suka yi dariyar duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura Sale. Ɗauko mini shi."

Baba Sale taubashinsa ne, shi ya fara yi masa wannan tsiya, kuma yanzu ba ya gani. Na riƙo masa sanda har bakin gado. Ya lalubi farantin, ya murza, ya ɗanɗana.

"Yashi ne kam, da gishiri-gishiri. Amma ni ban ga baƙi ba."

Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Sale, ko a kabari ba za ka bar ni ba?"

Baba Sale bai yi dariya ba. Ya lalubo hannunsa ya riƙe. "Haladu, wallahi tun ran farko na san gaskiya ka faɗa, ban taɓa jin ƙarya a bakinka ba. Wasa na yi, ya fi ƙarfina, na kasa janyewa. Ka yafe mini."

"Na yafe, ja'iri."

Washegari Baba Sale ya sa na kai shi ƙofar masallaci, ya maimaita maganar nan a gaban jama'a, da ƙarfi. Ina gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, ina gode wa Alhaji Tanimu da Manuwel. Baffa ya rasu bayan kwana goma sha ɗaya, Baba Sale ne a sahun gaba a sallar jana'izarsa.