Darasin "lose out" a tashar Kubwa

Muna tsaye a tashar Kubwa da sassafe muna jiran doguwar motar shiga gari, ni da maƙwabcina Mista Bulus, malamin Turanci. Ni zan tafi shagona a Gudu, shi kuma an kira shi intabiyu a wata ma'aikata, ya sha kwat da laktaye.

Na ce, "Malam, jiya wani kwastoma ya ce min in ban sari kaya yanzu ba zan yi lose out. Me ke nan?"

Ya gyara tabarau. "Alhaji, ba wai abinka ya ɓata ba ne. Abu ne ake rabo, kowa ya samu, kai kana nan tsaye aka wuce ka."

Yana cikin kawo misali na biyu sai ga mota. Duk ɗan Kubwa ya san ƙa'ida: tun ba ta tsaya ba kake jefa wani abu ta taga, ya kama maka kujera. Na wurga hulata. Wata mata ta cilla kular abincinta. Mista Bulus kuwa ya je bakin ƙofa ya kafa layi, shi kaɗai, yana ta "excuse me".

Mota ta cika ta tashi. Na leƙo ta taga na ce, "Malam, wannan ne lose out ɗin?"

Ya ɗaga fayil ɗinsa ya ce, "Ka gane, Alhaji!"

Wallahi ban taɓa ganin malamin da ya koyar da darasi da jikinsa haka ba. Ku fa, wa ya koya muku taku?