Malam Kyari, Tafintan Masu Langa

Malam Kyari haifaffen Fagge ne, amma kakansa daga Borno ya zo fataucin kanwa ya zauna. Shekara tara ya yi yana koyar da Turanci a firamare. A 1974, lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a gari, ya ajiye alli ya kama aikin tafinta a wata masana'antar langa da kwalla ta 'yan ƙasar Sin.

Mai kula da injuna wani Basine ne da leburori ke kira Mai Tabarau. Turancinsa a karye yake, Hausa kuwa ko zo in kashe ka bai sani ba. Wata rana ya nuna masu jidar ƙarfe cikin zafin rana, ya ce a yarensu irin wannan wahala sunanta jini-da-gumi. Abin ya burge Malam Kyari, ya rubuta a bayan wani tsohon littafin darasi. Daga nan suka saba. Duk Asabar sai su zauna a wani shagon shayi a Sabon Gari suna musayar kalmomi, kuma ba su san yadda aka yi hirar ta tsaya a kan jini ba.

Mai Tabarau ya ce abin da mutum ya ƙarar da ransa a kai, su jinin zuciya suke ce masa. Malam Kyari ya gaya masa cewa in Bature ya ce akwai mugun jini tsakanin mutum biyu, gaba yake nufi, in kuma ya ce an yi kisa da jini mai sanyi, to, an yi shi ne ba imani. Bahaushe kuwa yakan ce jininsu bai haɗu ba, ko wane ya sha jinin jikinsa. Akwai wani Bajapane da ke zuwa gyaran tanderu lokaci-lokaci, shi ma ya ƙara musu tasa: wanda ke neman abu ido rufe, a wurinsu mai idon jini ne.

'Ya ɗaya Allah ya ba Malam Kyari da matarsa Yakaka, sunanta Zara. Shekararta goma sha ɗaya, kuma duk lungunsu an san ta da farin jini, ba gidan da ba ta shiga a ba ta abinci. A farkon 1977 ta fara zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Dasashinta ya riƙa zubar da jini, ta yi fari fat. Aka yi na gargajiya, aka yi na asibiti, daga bisani aka tura su Zariya. Likita ya rubuta sunan cutar da wata doguwar kalma wadda Malam Kyari, duk da Turancinsa, bai taɓa gani ba.

Ya kai wa Mai Tabarau takardar. Mutumin ya buɗe ƙamus ɗinsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya zana alamomi uku, ya nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko fari, ta biyu jini, ta uku cuta. Ya ce mutanen Japan ma haka suke rubuta ta, furucin ne kawai ya bambanta.

"Mu a wurinmu farin jini yabo ne," in ji Malam Kyari.

"Ana warkewa?" ya sake cewa bayan wani lokaci.

Mai Tabarau ya cire tabaransa yana gogewa. Malam Kyari bai ƙara tambaya ba. Ya ninke takardar ya koma bakin aiki, don akwai motar ƙarfe da ta iso, direban na jiran a yi masa bayani.

Sau biyu aka ɗebi jinin Malam Kyari aka ƙara wa 'yarsa. Zara ta rasu da tsakiyar damina, aka kawo ta Fagge aka yi mata sutura. Malam Kyari ya zauna a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, yana amsawa daidai yadda ake amsawa. Mai Tabarau ya zo da kwalin sukari, ya zauna a gefen tabarma da takalmansa a hannu. Ranar huɗu Malam Kyari ya koma aiki.

Yakaka ta yi wata guda tana kuka. Rannan da hantsi ta tare shi a tsakar gida, ta ce ita ba ta ga hawayensa ba ko sau ɗaya.

"Na nemi abin a raina, Yakaka," ya ce. "Ban same shi ba."

Ba ta ƙara yi masa maganar ba. Zaman Asabar ya mutu da kansa, ba wanda ya ce a daina. A masana'anta yana fassara abin da aka faɗa, ba ragi ba ƙari, in an tashi ya hau kekensa ya tafi gida.

A 1979 kwantiragin Mai Tabarau ya ƙare. Malam Kyari ya raka shi filin jirgi, suka yi musabaha, kowa ya juya. Bayan wata biyu shi ma ya bar aikin, ya kama rumfa a Kasuwar Sabon Gari yana sayar da langa. Maƙwabtansa na rumfa sun ce mutum ne mai sauƙin zama. Yana zuwa da wuri, ba ya musu da kowa, kuma in an yi ruwa yakan taya su kwashe kaya.